Cikon ƙunzugun jarirai da shafinsa: abin da na gani a ɗinkin wata tela ta unguwar Zariya

Wata 7 ke nan ina amfani da cikon ƙunzugu da shafi waɗanda wata tela ta ɗinka mini a unguwar Zariya, a nan Maradi, kuma tun da kayan sun ga ƙarshen hunturu, sun sha zafin bazara, sun kuma shiga damina, na ga lokaci ya yi da zan faɗi yadda na same su. Ciko shi ne ƙyallen da ake ƙarawa a cikin ƙunzugu domin ya shanye fitsari, shafi kuwa siririn ƙyalle ne da ake shimfiɗawa a sama, wanda shi ne ke taɓa fatar yaro, ya tare kashi, ya bar ruwa ya wuce ƙasa. Aikinsu ya bambanta, kuma yawancin kukan da nake ji daga mata game da ƙunzugun wanki yana tasowa ne daga haɗa su biyun a matsayin abu guda.

Abin da ya kai ni wurin telar shi ne kuɗin famfas. Jariri sabon haihuwa yakan buƙaci canji sau 8 zuwa 10 a yini, kuma duk wadda ta taɓa lissafa wannan a wata ta san nauyin da yake ɗora wa mai gida. Na riga na mallaki wandunan ƙunzugu masu maɓalli da aljihu, irin waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su daga Kano ta hanyar Katsina da Jibiya, kowane da nasa ciko na yadin mikirofiba. Wannan yadi zaren roba ne, yana shan ruwa da sauri, yana kuma bushewa da sauri, sai dai halinsa irin na soso ne, wato da an matsa shi yake mayar da abin da ya sha. Wanda ya ƙera shi bai yi tunanin goyo ba. Da zarar na ɗora yarinyar a baya na ɗaure majanyi, nauyinta da matsin zane sukan tatse cikon, sai in ji ɗumi a gadon bayana, kuma wannan yana nufin canjin zane da riga kafin in yi salla. Ga shi kuma ba a son mikirofiba ya taɓa fatar jariri kai tsaye, domin yana busar da ita.

Telar tana aiki ne a zauren gidansu da keken ƙafa guda, kuma ba ta ajiye kayan da aka gama. Sai an ba da aiki take yankawa. Na biya jika 6 na sefa a kan ciko 12 da shafi 12, kuɗin yadi da na ɗinki duka a ciki. Kowane ciko yana da tsawon santimita 33 da faɗin 12, ta yi shi da falle 3 na tawul ɗin auduga a tsakiya, ta rufe sama da ƙasa da yadin auduga mai laushi irin na zanen naɗe jarirai. Da ta miƙo mini su sai ta ce, “Maman Nana, kada ki yanke musu hukunci a makon farko, sai sun sha wanki tukuna.” Gaskiya ta faɗa. Sabuwar auduga tana zuwa da maiƙonta na asali da sitacin masaƙa, shi ya sa ruwa ke gangarewa a kanta, kuma sai bayan wanki na biyar ko na shida na ga cikon ya fara aikinsa sosai. Tun daga lokacin nakan yi sa'a 3 da goyo, in je Babbar Kasuwa in dawo, zanena a bushe. Auduga ba ta kai mikirofiba saurin sha ba, amma abin da ta sha tana riƙewa, kuma a nan ne ta fi ƙarfinsa ga mai goyo.

Ɗinkin kansa mai kyau ne. Ta bi gefuna da zigizag sau biyu, ta kuma ja layi 2 a tsawon cikon domin kada tawul ɗin ya dunƙule a ciki, kuma har yau guda ɗaya ne kawai ya fara zarewa a kusurwa.

Aibin kayan yana cikin kaurinsu, kuma ban gane shi ba sai da damina ta sauka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi kan haura digiri 40, kome kaurin ƙyalle rana tana busar da shi kafin la'asar, saboda haka falle 5 da aka ɗinke wuri guda bai dame ni ba. Amma a watan Agusta, ranar da hadari ya rufe gari, sai in taɓa cikon in ji bayansa ya bushe alhali tsakiyarsa da danshi, kuma idan ya kwana a haka yakan tashi da wani tsami da sabulu ba ya fitarwa cikin sauƙi. Bayan haka, ƙyalle mai kauri ba ya wankuwa da hannu yadda ya kamata, domin ruwan ɗauraya ba ya ratsa shi, sai sauran fitsari da kumfa su maƙale a ciki, kuma shi ne ke kawo warin nan mai yaji da ke tashi da zarar yaro ya jiƙa shi. Na koma na nuna wa telar. Da farko ta ɗan yi gardama, tana cewa mata kauri suke nema, in ta yi siriri sai su ce ta ci yadinsu, wanda kuma na san haka ne, domin ni ma da na ɗauki cikon ranar farko nauyinsa ne ya burge ni. Daga baya ta yarda ta ɗinka mini wasu 6 a sabon fasali: falle 2 kacal, tsawon santimita 33 da faɗin 36, waɗanda nake ninkawa gida 3 in zan sa, su zama falle 6, in ware su in zan wanke. Waɗannan sun fi na farko shan ruwa, suna fita tas a wanki, kuma ko a cikin ɗaki aka shanya su suna bushewa a yini guda. Duk wadda za ta ba da irin wannan aiki, ga wannan tela ko wata, wannan fasalin ya kamata ta nema tun farko.

Shafin kuwa ta yanke shi ne daga siririn bargon roba mai laushi, irin wanda bakinsa ba ya zarewa, don haka ba ya buƙatar kalmasa. Ba ya shan ruwa, kuma hakan ake so, domin fitsari yana ratsa shi ya sauka kan ciko, fatar yarinya ta zauna da sauƙin danshi. Amfaninsa ya fi fitowa bayan yarinyar ta cika wata 6, da aka fara ba ta kunu kashinta ya canza, domin sai dai in ɗaga shafin in kakkaɓe a masai, in ɗauraye, ba tare da na kankare tawul ba. Yana kuma kare cikon daga man kaɗanya da basilin da muke shafa wa yara, waɗanda in suka shiga auduga sukan toshe zaren su hana shi sha. Sai dai a tsakiyar bazara na lura da ƙananan ƙurajen zafi a cinyoyinta, sai na ajiye shafin roba da rana na koma ga wanda na yanka daga tsohuwar rigar auduga, na bar na robar don dare. Na auduga yana jiƙewa, saboda haka dole a yawaita canji. A ganina jika ɗayan da ya tafi kan shafi daga cikin jika 6 ɗin shi ne kuɗin da zan iya riƙewa, tun da aikin almakashi ne kawai.

Cikon ma ana iya yin sa a gida in akwai keke, ko ma da allura in akwai haƙuri. Tsohon tawul na gwanjo ya fi sabo, domin ya riga ya sha wanki, amma a yi hattara da masu gaurayen roba, waɗanda ke da sheƙi da santsi. Nakan zare ɗan zare daga gefe in kusantar da shi ga ashana: auduga tana ci da wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. A wanke tawul ɗin da ruwan zafi a shanya a rana kafin a yanka, domin ya gama tsukewar da zai yi.

Game da wanki, telar ta ce in riƙa jiƙa su da jabel, wato ruwan bilic mai cire tabo, kuma a nan ban bi ta ba, domin yawan jabel yana cin auduga yana kuma lalata robar wando. Ina ɗauraye najasa da ruwan sanyi nan take, in tara na yini, in wanke da omo da ruwa mai ɗumi, in ɗauraye sau 3, kuma ba na sa ruwan laushin tufafi mai ƙamshi, wanda ke rufe zare kamar yadda mai ke yi. Rana ce ke cire tabon da ya rage. Wannan yana cin ruwa, kuma gidan da ke saye wurin ƴan ga-ruwa ya kamata ya sa kuɗin a lissafi kafin ya ce ƙunzugun wanki ya fi araha, ko da yake ni da famfo a gida na mayar da kuɗina tun a wata na biyu.

Alkawarin da telar ta yi na gama aikin farko a kwana 4 ya kai kwana 9, domin aikin ya faɗo cikin ɗinkin wani biki, kuma na biyun ma sai da na aika yaro sau biyu. Yanzu da dare nakan haɗa ninkakken ciko ɗaya da tsohon mikirofiba a cikin aljihun wandon, mikirofiban a sama domin ya karɓi fitsarin da sauri, audugar a ƙasa domin ta riƙe, kuma haka muke kaiwa asuba ba tare da tabarma ta jiƙe ba. Na riga na kai mata tawul 2 na gwanjo don wasu guda 6, wannan karon da tsawon santimita 38, tun da yarinyar ta fara tsayawa da kujera kuma na farkon sun fara yi mata gajarta.