Gargaɗi: dala 850 na biya a kwashe mana bayanai, aka bar ni da rabi

Jama'a, dala 850. Dala 600 kuɗin aiki, dala 250 kuɗin wani "lasisi" da daga baya na gano babu shi ko a mafarki. Kuma bayan duk wannan, mutumin da na ba aikin bai ji kunyar idona ba, ya sake neman dala 400 wai don ya gyara abin da shi ya ɓata da hannunsa.

Rumbun bayananmu na PostgreSQL, inda odar kwastomomi da lissafinsu suke, muka so ɗaukewa daga wani kamfanin gajimare (masu ba da hayar kwamfuta da ma'ajiya ta intanet) zuwa wani ba tare da manhajarmu ta tsaya ba. Shi ke nan aikin. Na ga tallarsa a intanet, ya jera hotunan takardun ƙwarewa, ga yabo na waɗanda wai ya yi wa aiki.

Kafin wani ya ce mini "ai kai ka yi sake", ya tsaya ya ji. Ni ba baƙo ba ne a harkar nan. Sai da muka yi kiran bidiyo, kuma kafin in gama bayani ya katse ni ya ce: "Yallabai, wal_level ɗinku yana kan logical kuwa? Idan ba ya kai, sai an canza shi an sake tayar da sabar, gara mu sa lokaci da dare." Wallahi wannan tambayar ce ta kashe mini jiki. Gaskiya ce tsantsa: idan ana so a riƙa bin sabbin canje-canje yayin da ake kwafa, dole a yi wannan saitin, kuma ba ya kamawa sai an sake tayar da sabar, wato kwamfutar da rumbun yake kai. To ku gaya mini, wane ɓarawon titi ne ya san haka? Har yanzu ina jin muryarsa. "Yana kan logical kuwa?" A natse, babu gaggawa, har da ɗan murmushi. Ko wa ya zauna a kujerata ranar nan zai tura kuɗin.

Na tura 600.

Ya ce da AWS DMS, manhajar kamfanin Amazon ta kwashe rumbun bayanai, zai yi aikin. Kayan aikin ba shi da laifi, komai nasa a rubuce yake, shi ne ya yi amfani da shi ya rufe mini ido. Ya nemi makullin babban mai gudanarwa, wai ƙaramin izini zai riƙa tare shi a hanya. Ya buɗe ƙofar 5432, wadda ake bi a shiga rumbun, ga 0.0.0.0/0, wato ga duk wanda ke intanet, ya ce na ɗan lokaci ne. A'a, ku tsaya, kafin ƙofar ma aka yi maganar lasisin. Ko bayanta ne? Zan duba saƙonnin. Ya dai ce manhajar kwafar tana buƙatar lasisi, dala 250, shi zai saya a madadinmu. Kuma fa ba haka kawai na yarda ba: na san kamfanonin gajimare suna cajin injin da ke kwafar gwargwadon awannin da ya yi yana aiki, don haka maganar ba ta yi mini banbarakwai ba. Ashe wancan cajin a asusunmu yake hawa kai tsaye, mu muka biya shi daban. PostgreSQL kyauta ne, pg_dump, manhajarsa ta kwafar rumbu, ita ma kyauta ce. To 250 ɗin nan na mene ne? Na aljihunsa.

Sai ya turo hoton allo, kowane tebur ya nuna an gama loda shi, ya rubuta: "Alhamdulillah yallabai, an kammala, a juya manhaja." Muka juya.

Odar farko da ta shigo, kuskure. Ta biyu, kuskure. Rumbun yana cewa lambar nan akwai mai ita. Ma'aunin da ke ba kowace sabuwar oda lambarta ba ya bin kwafar, sai an saita shi da hannu a sabon wurin, shi kuwa ko taɓa shi bai yi ba, sai ma'aunin ya fara ƙirga daga 1. Fihirisan da ke sa bincike ya yi sauri babu su, shafin da ke buɗewa nan take sai ya yi ta juyi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne manyan bayanai. Akwai saitin da ke yanke duk abin da ya wuce iyakar da aka sa masa, ya bar shi a kilobayit 32. Na buɗe fayil ɗin wani kwastoma na ga rubutu ya tsaya cak a tsakiyar jimla, kalmar ma ba ta ƙarasa ba. Akwai zaɓin tantancewa da ke kwatanta tsohon wuri da sabo layi-layi. Bai kunna ba. Ya san abin da zai fito.

Na manta ban faɗa ba: tun ranar da 250 ta shiga hannunsa ya tsayar da bin canje-canjen. Duk odar da aka yi daga lokacin ba ta iso sabon wurin ba. Kuma ya bar maƙalin kwafar, wato alamar da ke riƙe inda kwafar ta tsaya, a tsohuwar sabar babu mai karantawa, ita kuwa ba ta goge rajistar canje-canje muddin maƙalin yana jira, sai ta yi ta tarawa har ma'ajiyar ta kusa cika. Da tsakar dare saƙon gargaɗi ya tashe ni.

Na kira shi. Mutumin da ke "yallabai, yallabai" ya koma cewa ai wannan aiki ne na daban, dala 400, a biya tukuna. Sannan ya jefo wata magana, wai kada in damu, yana da cikakken kwafi a wurinsa. Kwafin bayanan kwastomominmu! Wa ya ba shi izini? Na ce ko sisi ba zan ƙara ba, ya toshe ni ko'ina, tallar ma ta ɓace.

Kuma ku sani, tun farko ya matsa mini in goge tsohon rumbun da kwafin ajiyarsa, wai kada a riƙa cajinmu sau biyu. Na ƙi. Da ni sakarai ne kamar yadda wasu za su ce, da yanzu ba mu da komai. Tsohon wurin muka koma, muna ta tsinto odar da ta faɗa tsakani da hannu, kuma dole na sanar da kwastomomi cewa bayanansu na hannun wani. Wannan kunyar ta fi 850 ɗin ciwo, amma 850 ɗin ma Allah ya isa.

Kada ku ba kowa babban makulli, ku buɗe masa ƙaramin asusu ku rufe da an gama. Kada ku buɗe ƙofa ga duniya. Ku ƙirga layuka a ɓangarorin biyu da kanku kafin ku biya, kada ku goge tsohon. In ya riga ya shiga, ku canza duk kalmomin sirri yau.

Rasit biyun, da saƙon lasisin, da inda ya ce yana da kwafi, duk suna nan. Zan saka hotunansu da na gama rufe sunayen kwastomomi.