Faifan Jero: na biya kuɗin waƙa, rabinsa kiɗa ne zalla

Sati biyar na yi ina jiran faifan nan, kuma daren da ya iso da haushi na kwana.

A YouTube na fara cin karo da Jero. Baƙar fata ne ɗan Pittsburgh ta Amurka, da hular hana-sallah da wando burgujeje, kai ka ce mawaƙin rap ne. Amma yana buɗe baki sai enka, wato salon waƙar Japan irin na dattawa, mai zancen rabuwa da kewar gida da sanyin bakin teku. Kakarsa ta wajen uwa 'yar Japan ce, a wurinta ya taso yana jin irin waƙoƙin. Da na ji Umiyuki, wadda ya fara fitarwa a 2008, sai na ce lallai sai na mallaki faifan asali, ba na tura-min-a-waya ba. Na yi oda a wani shagon intanet da ke sayar da kayan Japan na hannu.

Da ya zo na saka shi a mota, muna hanyar gidan surukaina. Waƙa ta farko lafiya lau, ta biyu ma haka. Ta uku ta fara, kiɗan Umiyuki ya sake tashi, na gyara zama ina jiran muryar. Shiru. Kiɗa na ta tafiya, ba Jero ba dalilinsa. Na ɗauka sifika ce ta mutu, na murɗa nan na murɗa can. Na fito da faifan na goge da bakin riga, na mayar, duk ɗaya. Uwargida da ke gefe ta ce, "Malam, ko mawaƙin naka ya tafi shan ruwa ne?" Yara suka tuntsire da dariya a baya. Washegari har shagon ƙanena na kai shi muka gwada a kwamfutarsa, wai ko mota ce ke da laifi.

Sai bayan kwana biyu mai shagon ya amsa saƙona, a gajarce, cewa haka ake fitar da ƙananan faifan enka a Japan: waƙa ɗaya ko biyu, sauran kuma na karaoke, don mai saye ya rera da kansa. To madalla. Me ya hana a rubuta haka a shafin kayan? Hoto kawai aka sa da sunan mawaƙi.

Amma tsakani da Allah, waƙar ta cancanci jira. Akwai wata karkarwar murya da suke kira kobushi, inda mawaƙi zai riƙe gaɓa ɗaya ya lanƙwasa ta sama da ƙasa kafin ya sake ta. Jero yana yinta tsaf, ba gargada, a kan kiɗan zamani mai nauyin ganga da jita. Labarin kuwa na mace ce da aka yasar, ga dusar ƙanƙara na zuba cikin teku a Izumozaki ta yankin Niigata. Ba banza ba a ƙarshen shekarar 2008 aka gayyace shi Kohaku, gagarumin shirin waƙa da tashar NHK ta Japan ke yi duk daren 31 ga Disamba. Har ma kiɗan zallan da na tsana ya zo ya yi min rana, don a nan na ji yadda aka jera kayan kiɗan ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yata ta fari yanzu ita ke cike gurbin Jero da Japanancin da ita kaɗai ta san ma'anarsa.

Da na yi niyyar ba masu shagon tauraro huɗu cikin biyar. Sai na tuna kuɗin aikowa ya fi kuɗin faifan kansa, ga kwalin roban ya iso a tsage daga kusurwa, kuma da na yi ƙorafi a kan haka ba su ko tanka ba. Waƙa biyu kacal a wannan farashi! Jero ya ci biyar ɗinsa cif, shagon kuwa biyu na ba su, ɗayan ma don faifan bai karce ba ne.