Madaukin ifet mai bafa da marar bafa: wanne ne ke rage kaifin amon jita?

Ɗan'uwa, ka ce amfilifayarka mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin sigina, tana fitar da amo garau idan jita kaɗai ka jona mata, amma da zarar ka saka fedal ɗin amsa-kuwwa ta kafofin nan biyu na baya, masu rubutun Send da Return, wato madaukin ifet inda ake jona na'urorin ƙawata amo, sai kaifin ya dusashe kuma ƙarar ta ragu, shi ya sa kake tambaya ko bafa, wato ƙaramin da'irar lantarki mai taimaka wa sigina ta ratsa waya ba tare da ta raunana ba, za ta magance matsalar ko kuwa ita ma za ta sauya amon. Amsar ta dogara ne ga inda aka yanko siginar da kuma tsawon wayar da ka ɗora mata.

Madaukin yana tsakanin sashen farko, wanda ke gina amo da kaushinsa, da sashen ƙarfi, wanda ke tura lasifika. A madauki marar bafa babu komai a wurin sai soket biyu, wato an yanke hanyar siginar an fito da ita waje yadda take. Bawul ɗin 12AX7, wanda shi ne aka fi samu a sashen farko, yana iya ba da gomman bolt, amma ba shi da ƙarfin tura kaya, domin turjiyar mafitarsa, wato yadda take tauye wucewar lantarki, takan kai kusan om 38,000 idan an haɗa shi da rizisto mai om 100,000 kamar yadda aka saba. Idan kuwa daga maɓallin babbar ƙara mai om miliyan 1 aka ɗauko siginar, turjiyar tana iya haura om 250,000 a tsakiyar zangonsa.

A nan waya take shigo da nata. Kowace mita ta wayar jita tana riƙe da kusan fikofarad 100, ma'aunin yawan cajin lantarki da take iya tarawa, don haka waya mai mita 6 daga bayan amfilifaya zuwa gaban ƙafarka tana da kusan 600. Haɗuwar wannan da turjiya mai yawa ita ce ke zama matata mai zubar da siririn sauti. Da om 38,000, raguwar tana fara bayyana ne a wajen hez 7,000 (hez ma'aunin tsinin sauti ne), kuma wannan ba ya cika damun kunne tunda lasifikar jita da kanta ba ta fitar da abin kirki sama da hez 5,000. Da om 250,000 kuwa, iyakar tana saukowa kusa da hez 1,000, wato tsakiyar inda tsinken kaɗi yake cizon tsirkiya, kuma ina kyautata zaton wannan ne dushewar da kake ji. Wayar fita ce ke da wannan laifi, ta komowa ba ta cika yi ba, saboda fedal ɗin da ke kunne ne ke tura ta da ƙaramar turjiya.

Raguwar ƙara kuma daga mashigar na'urar take. Yawancin fedal na ƙasa suna da mashiga mai om miliyan 1 ko kusa da haka, ba sa danne sigina sosai, amma wasu na'urorin situdiyo om 10,000 kawai gare su. Idan aka jona irin wannan da mafita mai om 250,000, kusan kashi 4 cikin 100 na siginar ne ke wucewa, kuma a wasu zane-zanen har kaurin sauti yakan tafi, domin kafasitan da ke hanyar, wato ɗan abin da ke tara cajin lantarki, ba don irin wannan nauyi aka zaɓe shi ba.

Madauki mai bafa yana sanya ɗan dako tsakanin bawul da kayan da aka ɗora masa. Ɓangaren fita yana karɓar sigina ba tare da ya danne ta ba, ya rage girmanta zuwa abin da na'ura za ta iya ɗauka, wato bolt 0.316 ga fedal ko bolt 1.23 ga kayan situdiyo, sannan ya tura ta da ƙaramar turjiya. Idan 12AX7 aka yi amfani da shi aka ɗauko siginar daga katod, ɗaya daga cikin sassan cikin bawul ɗin, turjiyar takan sauko zuwa wajen om 600, kuma da wannan, wayar nan mai mita 6 ba ta taɓa komai sai can sama da hez 400,000, inda babu kunnen da ke ji. Ɓangaren komowa kuma yana mayar da siginar girmanta na asali. Rage girman nan yana da muhimmanci kamar turjiyar, domin fedal mai aiki da bolt 9 ba zai iya haɗiye gomman bolt ba, sai ya riƙa tsatsage amon ta hanyar da ba ta da daɗin ji.

Sai dai bafa ba ta wucewa ba tare da barin sawu ba, musamman ta bawul. Ƙarin matakai biyu na nufin ɗan ƙarin shuu a bayan sauti, kuma idan aka matsa mata takan ɗan lanƙwasa siginar ta tausasa bugun farko. Wasu wannan suke nema da gangan. Amfilifayar Overdrive Special ta Alexander Dumble a Amurka tana da madauki marar bafa, sai ya ƙera akwati daban mai bawul, Dumbleator, don yin wannan aiki, kuma makaɗa da yawa suna barin irinsa a jone ko babu ifet saboda santsin da yake ba amo. Bafa mai tiranzisto irin LND150, wanda ke jure bolt 500 kuma yake aiki da wutar cikin amfilifayar, ta fi kusa da barin amo yadda ta same shi, kuma a ganina ita ta fi dacewa da wanda ya riga ya gamsu da amon da yake da shi. Sanya ta aikin mai gyara ne, domin wutar cikin akwatin takan kai bolt 400 ko fiye kuma tana daɗewa a kafasita bayan an kashe.

Kafin ka kashe ko sisi, haɗa Send da Return da gajeriyar waya mai tsawon taƙi ɗaya ka saurara, sannan ka maye gurbinta da doguwar wayarka ba tare da fedal ba. Idan doguwar ce ta dusar da amon, turjiya ce matsalarka kuma bafa za ta gyara. Wani lokaci ma ya isa ka ajiye fedal irin na Boss, wanda bafarsa ke aiki ko an kashe ifet, a kan amfilifayar da gajeriyar waya ya zama shi ke tura doguwar. Idan wayoyin biyu sun yi daidai amma amon ya tsatsage da shigowar fedal, girman sigina ne ya yi masa yawa, kuma abin da kake bukata shi ne madauki mai maɓallin rage fita da na ƙara komowa.