Jitar lantarki ta haɗin gida: me za ka saya, me za ka sassaƙa da kanka?

Jitar farko da na haɗa a Garwa hunturu ɗaya ta gani. Na sayi katako a kasuwa cikin watan Agusta, mai shagon ya rantse mini ya bushe, na sassaƙa, na fesa jan fenti, har abokai suna zuwa kallo. Da Janairu ya shigo sai gangar jikin ta tsage tun daga gindin wuya har wajen jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke zama a kansa a jikin jitar. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane mikro zai saya, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, sai in ce ya dakata tukuna, mu fara maganar wuya da katako.

Hanya uku ce a gabanka. Ko ka yi odar kwalin haɗi daga Sin, wanda komai yake ciki an riga an yanka an huda, kai dai ka goge ka fenta ka ɗaure. Ko ka sayi tsohuwar jita ta gwanjo, ka kwance wuyanta da ƙarafunanta, ka sassaƙa mata sabon jiki. Ko kuma ka yi komai da hannunka tun daga falanki.

Kwalin haɗi yana da daɗin fara koyo, domin an riga an yi maka awo. Aibinsa biyu: kuɗin dako da na duwan sukan kusa cin kuɗin kayan, kuma katakon an busar da shi ne don wata ƙasa, ba don iskar Marwa ta watan Fabrairu ba. Wuyan yakan tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito suna yankar yatsa. Magagari yana gyara wannan, amma ka san da shi. Yin komai daga falanki kuwa, ban ba sabon shiga shawararsa ba. Kuskuren rabin milimita a tsagar ƙarfe ɗaya ya isa ya sa jitar ta yi ta ƙarya har abada, ga kuma sandar ƙarfen da ake binnewa cikin wuya don miƙe shi, wadda sai an yi odarta.

Ni ta tsakiya nake zaɓa. Tsofaffin jitoci suna nan a wurin makaɗan coci da 'yan okestira da masu kayan gwanjo, wasu jikinsu ya farfashe, wayoyi sun tsinke, amma wuya lafiya lau. Wannan wuyan shi ne dukiyar. Sai dai ka nemi wanda aka ɗaure da sukurori huɗu a baya, irin tsarin da Leo Fender ya fito da shi a jitarsa Telecaster tun farkon shekarun 1950, ba wanda aka liƙe da gam irin na jitar Les Paul ta kamfanin Gibson ba, domin shi ba ya cirowa sai da ɓarna.

In ka samu, kada ka yi gaggawar ciniki. Ɗaga shi daidai ido ka hango tsawonsa kamar mai duba sandar rake. In ya ɗan lanƙwasa gaba ko baya, da sauƙi, aikin sandar ciki ke nan. In ya murɗe kamar igiya, ajiye musu kayansu ko da kyauta ne. Sa makulli a kan sandar ka juya kwata ɗin zagaye, dama da hagu. In ta ƙi motsi ko tana juyawa fayau ba ta kama komai, wuyan ya mutu. Tsirkiya shida masu lambar kauri 10 zuwa 46 suna jan wuya da nauyin da ya kai wajen kilo 45 dare da rana, babu katakon da zai jure haka a yanayinmu ba tare da wannan sandar ba. Sannan ka danne tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe, ka dubi ratar da ke tsakiya: kaurin katin waya mai laushi ya isa.

Ka tafi da ma'auni a aljihu. Auna daga inda tsirkiya ta tashi a sama zuwa ƙarfe na 12, ka ninka biyu. In ka sami milimita 324, wuyan na tsarin Fender ne, tsawon tsirkiya 648. In ka sami 314, na tsarin Gibson ne, 628. Wannan lambar ita za ta gaya maka inda jaki zai zauna a sabon jikin, kuma ba a yin kintace a nan.

Yanzu katako. Abin mamaki, muna zaune a ƙasar da manyan kamfanonin jita na duniya suke zuwa neman itace. Kamfanin Taylor na Amurka yana da hannu a wata masana'antar yankan baƙin katakon ebene a Yawunde tun 2011. Frake da kafintocinmu suke yin silin da benci da shi, shi ne Gibson ta kira korina, ta yi jitocin Flying V da Explorer da shi a 1958. Matsalar dai ita ce katakon kudu yana hawa jirgin ƙasa zuwa Ngawundare da ruwan dajinsa a ciki, daga nan manyan motoci su kwaso shi zuwa Garwa, Marwa, Kuseri, har Njamena. A hannu za ka ji kamar ya bushe, cikinsa kuwa jiƙe yake.

Ayus ya fi kowa arha da sauƙin sassaƙa, kuma ba ya gajiyar da kafaɗa. Amma farce ma yana yi masa tabo, sukurori kuma suna sakin jiki a cikinsa, sai ka dasa guntun katako mai tauri a inda jaki da maratayin ɗamara za su kama. Frake ya fi shi ƙarfi, nauyinsa madaidaici, kuma da ni ne shi zan ɗauka. Ka dai duba ƙananan ramuka da garin katako, alamar ƙwaro ya riga ka. Safeli yana da kyau ƙwarai in an bar launinsa, ja mai ratsi-ratsi, sai dai nauyi. Iroko ka bar wa masu ƙofa da taga: ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi, maiƙonsa kuma yana hana gam kamawa sosai.

Namu na gida fa? Maɗaci ɗan gidan mahogani ne na asali, yana sheƙi, ƙwaro ba ya sonsa, amma ya fi safeli ma nauyi, don haka sai an rarake wasu wurare a ciki ko a rage kauri daga milimita 45 da aka saba zuwa 40. Dalbejiyar da ta yi wa titunan Marwa inuwa ita ma danginsu ce, kuma tana yin jiki mai kyau in ta bushe. Gawo da rimi kada ka ɓata lokacinka. Kuma ba cewa na yi ka ɗauki gatari ka shiga daji ba, jami'an gandun daji ba sa wasa da wannan. Tsohon gado, ƙyauren da aka cire, teburin makaranta da ya karye, waɗannan sun sha hunturu ashirin, sun gama duk motsin da za su yi. Tsakanin sabon falanki mai kyau da tsohon ƙyaure mai ramin ƙusa, ƙyauren nake saya.

In dole sabo ne, ka shafe bakinsa biyu da narkakken kyandir, ka jingine shi a ɗaki cikin inuwa, ya ga hunturu ɗaya cikakke da bazara kafin zarto ya taɓa shi. Wajen haɗa falanki biyu, farin gam na kafinta za ka saya, ba mai ruwan ɗorawa na masu gyaran takalmi ba, wanda yake saki in ya sha zafi.

Mikro, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe yana ɗaukar kaɗawar tsirkiya, iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya yana da murya siririya mai kaifi, irin wadda kiɗan Abzinawa da na Kongo suke so. Amma yana kwasar ƙugin wuta, kuma gidajenmu da yawa babu wayar ƙasa, ga janareto duk lokacin da ruwan madatsar wutar Lagdo ya ja baya, ga cajar waya a kowace kusurwa. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ta fara sa wa jitocinta a 1957, yana kashe wannan ƙugin, muryarsa kuma ta fi kauri. In a ɗaki za ka riƙa kaɗawa da wutar gari, mai naɗi biyu ya fi kwanciyar hankali. Kafin ka biya, kai wa mai gyaran rediyo ya sa mita: mai naɗi ɗaya yakan nuna wajen kilo-om 6, mai biyu daga wajen 7 ko 8 zuwa sama, in mita ba ta motsa ba, waya ta tsinke a ciki. Maɓallin ƙara murya mai 250k na mai naɗi ɗaya ne, 500k na mai biyu. Ka shimfiɗe ramin wayoyi da takardar alminiyam, ka ja waya guda zuwa ƙarƙashin jaki. In kuma ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan cizo, laifin ampli ne, wato na'urar ƙara sauti da ka haɗa jitar da ita, kashe shi nan take a duba.

Kada ka zuba kuɗi a mikro mai tsada a karon farko. Ana canza shi da dalma cikin rabin awa. Kunnuwan ɗaure tsirkiya su ne ba a yi musu rowa, domin masu arha suna zamewa, ka yi ta ɗauri maimakon kiɗa. Jaki kuma ka ɗauki kafaffe. Mai sanda da sifirin a baya yana bukatar rarake jiki har ya ɓulle, kuma shi ne sarkin kwance sauti.

Saura fenti. Fentin mota mai haɗi biyu ya fi kowane tauri da ƙyalli, amma gubarsa ba ta wasa ba ce, ƙyallen rufe hanci ba ya tare ta. Ka kai wa mai fentin mota ya fesa maka ranar da yake da aiki mai launin da kake so. Bernin kafintoci da ake sirkawa da tina yana bushewa da wuri kuma yana gyaruwa in ya ƙarje, sai dai in ka fesa shi da damina yakan yi fari-fari kamar hazo. Man lin, wato man linsid na masu fenti, da ake shafawa da tsumma shi ne mafi sauƙi ga mai aiki a tsakar gida, kuma ya dace da safeli da maɗaci. Tsumman dai a baza shi a fili ya bushe, domin in an dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa. Man gyaɗa da man kaɗe ba sa bushewa, kada wani ya ruɗe ka. Kowanne ka zaɓa, maɗaci da safeli da frake suna da ƙofofin gashi a buɗe, sai an cike su an bi da samfefa daga mai lamba 120 zuwa 320. Lokacin fesawa mafi kyau a wurinmu shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba, da sassafe, bayan ka yayyafa wa ƙasa ruwa.