Sharhi: Kwas ɗin da ya sa wa dodona ƙashi da tsoka

Akwai wani dodo da na fi shekara biyu ina zanawa a salon katun: ƙaton kai, idanu dara-dara, ƙafafu huɗu gajeru kamar kututture, da 'yan fukafukai biyu a gadon baya. Ranar da na ce bari in mai da shi kamar dabbar gaske, abin da na yi kawai shi ne na liƙa masa fata mai kaushi irin ta kada, na ƙara inuwa da sheƙi. Ya fito kamar abin wasan yara da aka shafa wa fenti, kuma abin ya dame ni sosai don ina son halittar nan. Shi ya sa na shiga wani kwas na intanet a kan ƙirar jikin dabbobi, wanda aka tsara don masu zanen share fage, wato zanen da ake yi kafin a gina halitta a wasan bidiyo ko a fim. Mako takwas na yi ina bin sa.

Tsarin ba shi da wahalar ganewa. Malamin yana ɗora zane a kan hoton dabba kana kallo, ƙwarangwal da farko, sai tsoka, sai fata, kowanne a shimfiɗarsa. Ƙarshen mako a ba ka aiki. Da Krita na yi komai, manhajar zane ce ta kyauta, kuma ta ishe ni.

Makonni ukun farko ko inuwar dodo ban gani ba. Doki, kare, kyanwa, sai a sake komawa doki. Har na fara ƙosawa, sai muka iso darasin ƙafar baya. Wannan gaɓar da ke lanƙwasowa ta baya, wadda yawancinmu ke ɗauka gwiwa ce da ta juya, ashe diddige ce. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki, tana kallon gaba kamar tamu. Mutum yana taka tafin ƙafarsa gaba ɗaya, kare da kyanwa a kan yatsu suke tafiya, doki kuwa a kan yatsa ɗaya tal yake tsaye, kofaton nan farcensa ne. Ƙasusuwan iri ɗaya ne, tsawonsu ne ya bambanta. Na tsayar da bidiyon na ɗauko tsofaffin zanena, na ga duk ƙafar bayan da na taɓa zanawa a karye take. A daren na sake ƙafafun dodon, na ɗaga masa diddige sama, na tura gwiwar kusa da haƙarƙari. Karon farko ke nan da na ga ya tsaya da nauyinsa a ƙasa.

A nan ne malamin ya kawo labarin George Stubbs, mai zanen Ingila da ya shafe kusan wata 18 yana feɗe dawakai yana zana abin da ya gani kafin ya buga aikin a 1766, da kuma hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a Kalifoniya a 1878, waɗanda suka nuna cewa lokacin da doki mai sukuwa ya bar ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunsa a tattare suke a ƙarƙashin ciki, ba a baje ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Jerin hotunan nan har yanzu ina buɗe su idan zan zana gudu.

Darasin fiffike shi ne zuciyar kwas ɗin a wurina. Fiffike hannu ne. Na jemage yatsu huɗu ne da suka yi tsawo, fata ta shimfiɗu a tsakaninsu har zuwa gefen jiki da ƙafa, babban yatsa kuma ya rage da farcensa don maƙalewa. Na tsuntsu ƙasusuwan tafin hannu ne suka haɗe, gashi ya ɗauki sauran aikin, ƙirjinsa kuma yana da wani ƙashi mai tudu inda tsokar tashi take kamawa. Tambayar da malamin ya jefo mana ita ce, idan dodonka yana da ƙafafu huɗu da fukafukai biyu, ina za ka sa kafaɗa ta biyu? Babu dabba mai ƙashin baya da ke da gaɓoɓi shida, don haka babu inda za ka kwafo. Ko dai ka mai da ƙafafun gaba su zama fiffiken, ya riƙa dogara a kan wuyan hannu in ya sauka, ko ka tsawaita ƙirjin ka ƙirƙiro wani allon kafaɗa a bayan na farko, ka samo wa tsokarsa mazauni. Na gwada duka biyun, na kwana uku a kai, na zaɓi na farko. Dodon ya rasa ƙafafu biyu, amma yanzu in ka kalli ƙirjinsa za ka yarda zai iya ɗaga kansa sama.

Ga kuma batun girma, wanda Galileo, masanin kimiyyar Italiya, ya bayyana tun 1638. Idan ka ninka girman dabba sau biyu ta kowane ɓangare, nauyinta zai ninku sau takwas, amma filin fuskar ƙashin da ke ɗauke da ita, in an datse shi a tsakiya, sau huɗu kawai zai ninku. Shi ya sa ƙafar giwa take miƙe kamar ginshiƙi, ta barewa kuma siririya. Ba ka isa ka hura ƙadangare ya kai girman gida ka bar masa ƙafafunsa a bubbuɗe ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda ake neman asalin baiwar halitta a jikin dabbar gaske. Mai fitar da lantarki a katun, sai a duba minjirya, wadda gaɓar lantarkinta ke lulluɓe da jikinta a ƙarƙashin fata, shi ya sa take da kauri da taushi. Mai feso wuta, sai a duba wani ƙwaro da ke haɗa sinadarai biyu a cikinsa ya feso ruwa mai zafin tafasa. Na yi wa dodona jakunkuna biyu a maƙogwaro saboda wannan.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Babban abin da na rasa shi ne yadda za a riƙe halin halitta bayan an ba ta ƙashi. Abin da ke sa mutum ya so dodon katun shi ne babban kai da manyan idanu, kuma su ne farkon abin da ƙirar gaske ke ƙwacewa. A mako na shida na miƙa aiki, komai daidai, muƙamuƙi irin na kura, idanu ƙanana a zurfafe, amma na dube shi ban gane shi ba. Na yi tambaya a kan haka, amsar ta zo bayan kwana tara, layi biyu, wai in kula da inuwar jikin. Wannan ya yi min ciwo, domin ai wannan tambayar ce ta kawo ni. Da kaina na lalubo mafita a wurin mujiya. Idanunta manya ne ƙwarai, ba sa juyawa a gurbinsu, sai ta rama da wuya mai ƙasusuwa 14, ninkin bakwai ɗin da mutum da raƙumin dawa suke da su, har tana iya juya kai digiri 270. Na mai da dodon mai farautar dare, na dawo masa da idanunsa, na faɗaɗa ƙoƙon kan don ya ɗauke su, na ba shi wuyan da zai juya. Fuskar da na sani ta dawo, kuma yanzu tana da dalili.

Dabbobi masu jan ciki ma an yi musu ɗaukar sauri, darasi ɗaya kacal ga kada da maciji da ƙadangare, alhali rabin dodannin duniya daga jikinsu ake aro. Kifi da ƙwari kuwa sai dai a misali.

Wanda bai taɓa riƙe fensir ba zai sha wuya a nan, don ba a koyar da zane daga tushe. Amma wanda hannunsa ya riga ya faɗa, yana zana halittu suna fitowa kamar an hura musu iska, zan ce masa ya shiga, ya kuma yi haƙuri da makonni ukun farko. Ni yanzu ina kan wata halitta mai kama da zomo da ƙaho ɗaya a goshi, kuma kwana biyu ke nan ina duba wuyan karkanda don in san irin tsokar da za ta riƙe mata kan.