Gudun Bijimai na Pamplona ko Jifan Tumatir na Buñol?

Bikin San Fermín na garin Pamplona, a arewacin Sifaniya, tushensa addini ne, girmama waliyyin yankin, kuma tun 1591 aka mayar da shi watan Yuli. Daga ranar 7 zuwa 14, kullum ƙarfe takwas na safe sai a saki bijimai shida cikin lunguna, masu gudu na gaba da fararen kaya da jan kyalle a wuya. Asalin gudun kora dabbobi ne zuwa filin wasa, samari suka mayar da shi gwajin jarumta, kamar hawan ƙahon mahauta. Ana kuma rasa rai.

La Tomatina kuwa, wato bikin jifan tumatir, ta jiya-jiya ce. A 1945 rigima ta kaure tsakanin matasa a Buñol, kusa da Valencia, suka wawushi tumatir suka hau jifan juna. Yau ana yin ta Larabar ƙarshe ta Agusta, awa ɗaya cur, sai ka matse tumatirin kafin ka jefa, tun 2013 kuma da tikiti ake shiga. Ɓarnar abincin tana sosa mini rai, amma na fi son in koma gida jage-jage da a kwashe ni ranga-ranga.