Farin allo ko manhajar biya, don zazzage tunani kan batun bincike?

Ɗan'uwa, farin allo za ka saya, ka ƙyale manhajar nan.

Allona shekararsa huɗu ke nan a bango, kuma shi ya fitar da ni lokacin da malamin da ke duba aikina ya dawo mini da batun bincikena karo na biyu. Na kira abokaina uku, muka kafa dokar da Alex Osborn, wani Ba'amurke mai harkar talla, ya yaɗa a 1953: a zubo tunani da yawa, kada a kushe ko ɗaya sai an gama. Amma ba da baki muka fara ba. Kowa ya ɗauki takarda ya yi minti goma shi kaɗai, sannan muka kwashe duka muka hau da su allo. Wannan matakin kada ka tsallake shi. Tun 1958 wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna cewa waɗanda suka yi tunani daban-daban sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. Kafin mai magana ya kai aya, kai ka manta naka, ko kunya ta rufe maka baki.

Abin da ya zama ƙashin bayan aikina kuwa, kalma uku ce da mafi shirun cikinmu ya rubuta da jan maka, wato alƙalamin allo, can ƙasan kusurwa. Kwana biyu ina wucewa ina ganinta, sai a rana ta uku na ja layi na haɗa ta da wata a sama. Allo kullum yana gabanka, ko ba ka neme shi ba.

Manhajar kuwa na biya kuɗin shekara, na ƙare da zaɓen launin akwatuna. Tana da rana idan abokan aikinka suna nesa, iyakarta ke nan.

Sai dai ka kula da masu sayarwa. Wasu za su miƙo maka makar da ba ta gogewa su ce ta allo ce, rubutu ɗaya ta ɓata maka shi. Ka ja layi a gabansu, ka bari ya bushe, ka goge kafin ka biya. Masu tallan manhaja mai araha wai "har abada" ma ka guje su, galibi asusun wani ne, ranar da aka rufe shi aikinka ya tafi.

Ka ɗauki allo mai faɗi, da maka kala uku, kuma ka riƙa ɗaukar hotonsa da waya kafin kowace gogewa.